Kamarar Attahiru a Jikin Marke

Attahiru Tambaya mutumin Nahuce ne, manomi, ɗan maharbi. Bai gaji bindigar mahaifinsa ba, ido ya gada. Ko wutsiya kaɗai ya hango tana shigewa ciyawa, zai gaya maka ta dila ce ko ta yanyawa.

Shi ya sa da Malama Juwairiyya ta zo daga Gusau da kamarorin wata ƙungiya mai son sanin namun dajin da suka rage a yankin Bungudu, mai unguwa ya tura ta wurinsa. Kamarar ba ta fi tafin hannu ba. In an ɗaure ta a jikin itace, duk abin da ya gitta sai ta ɗauki hotonsa. Aikin sa kai ne: ya ciro ɗan katin da ke cikinta, ya sa a wayarsa, ya faɗi sunan kowace dabba, ya aika mata da saƙon murya. Ya ɗaure tasa a jikin wani marke, bakin rafin da ke bayan gonarsa. Zomaye suka fi fitowa, sai zabin daji, wani lokaci beguwa. Ranar da gada ta fito, majalisa-majalisa ya bi yana nuna wa mutane.

Matarsa Hanatu ba ta so abin ba. Ta ce yanzu 'yan bindigar daji da zarar sun zargi mutum da kai rahotonsu, shi ke nan, ba sa tsayawa bincike. Ya ce shi da dabbobi yake.

Wata safiya da daminar bara, dawa ba ta kai gwiwa ba, ya zauna gindin marken yana duba hotuna. Zomo, zomo, biri. Sai fuskar mutum ta cika wayar, ya kusanto yana leƙen kamarar, bindiga a kafaɗa, babura a bayansa. Hoton jiya ne. Attahiru bai gama miƙewa ba ya ji ƙarar babura daga ƙetaren rafi. Ya duba gabas, ya duba yamma, fili ne fetal, ba wurin ɓuya. Ya koma ya zauna, ya ajiye fartanyarsa nesa da shi.

Su uku ne. Mai fuskar nan ta hoto shi ya sauko.

"Kai ka aza wannan abin?"

"Ni ne."

"Wa kake kai wa hotonmu?"

Attahiru ya miƙa masa wayar da hannu biyu, ya ce ya duba da kansa. Mutumin ya yi ta turawa da babban yatsa, sauran biyun ko injin ba su kashe ba. Ya wuce zomaye, ya wuce hoton kansa, ya dawo ya daɗe a kai. Sannan ya tsaya a kan wasu idanu biyu masu ƙyalli cikin duhu, ya tambayi ko mene ne.

"Jibda ce," in ji Attahiru. "Ruwa take zuwa sha."

Mutumin ya dube shi, kallon da Attahiru ya ɗauka na ƙarshe ne, har ya fara salati a zuci. Sai mutumin ya jefa wayar aljihu, ya farfasa kamarar da gindin bindiga, ya ce kada ya sake ganinsa a bakin rafin nan.

Attahiru ya koma gida. Hanatu ta ga ya dawo ba fartanya, ta kawo masa ruwa. Ya ari waya ya kira Malama, a makon nan aka kwance sauran kamarorin yankin. Ɓangaren gonar da ke kusa da rafi kuwa ciyawa ta cinye shi, bana ma bai shuka ba.

Bai daina aikin ba. In ya shiga Gusau yakan biya wurin Malama, ta buɗe masa hotunan da aka ɗauko a dazuzzukan wasu jihohi. Kwanan baya ta nuna masa wata dabba mai doguwar wutsiya, jikinta duk ɓawo. Ya juya hoton, ya ƙura ido, ya ce wannan kam bai taɓa gani ba, ta ajiye masa sai ya tambayi tsofaffi.