Tsakanin Kwano da Azara

A kakar da ta biyo bayan samun mulkin kai gyaɗa ta yi mini kyau, shi ne na ƙudura zan fita daga gidanmu na gado in gina nawa. Ni tela ne a lokacin, ina da keken ɗinki a wata rumfa a kasuwar Rano, da damina kuma in yi noma kamar kowa. Gidan gadon ya cika, yayyena duk sun yi iyali, matata kuma tana da cikin fari. Mai unguwa ya nuna mini fili a bayan gari, wajen hanyar Rurum, na kai masa goro, magana ta ƙare.

Ni a ganina gini ba abin tsada ba ne. Ƙasa ta Allah ce, ruwa yana kududdufi, hannu kuma na gayya. Tun tasowata ban taɓa ganin an sayi wani abin kirki don gini a gidanmu ba. Abu ɗaya kawai na yi niyyar saye, shi ne kwanon rufi. Wani direban babbar mota da nake yi wa ɗinki shi ya sa mini son abin. Ya ce da kwano mutum zai faɗaɗa ɗakinsa yadda ransa yake so, kuma ya huta da yaɓe duk shekara. Ya faɗa mini kuɗin bandir ɗin kwano a Kano, na auna a zuciyata, na ga kuɗin gyaɗa zai isa har da saura.

Na je na ɗauko wani tsohon magini, abokin marigayi mahaifina. Ya taka filin da ƙafa ya ja layi. Na ce ya ƙara faɗi. Ya ƙara. Na ce ya sake ƙarawa.

"Ɗan nan, azara ba za ta haye wannan ba," in ji shi.

"Ai kwano zan sa, Baba."

Ya sake duban layin. "To. Ni dai ban taɓa yi wa kwano gini ba. Bango zan tayar maka, sama kuma kai ka san ta."

Daga ranar da aka fara tubali kuɗi suka soma zurarewa ta inda ban zata ba. 'Yan gayya ba a biyansu, amma suna cin tuwo, suna shan fura, ga goro. Wani makaɗi da ban gayyata ba ya zo da gangarsa, aka ce ai ba a korar makaɗi, kuma ba ya tafiya hannu banza. Kududdufin unguwar ya ƙafe da wuri, sai da na ɗauki masu jakuna suna jigilar ruwa daga rafi. Har ciyawar da ake kwaɓa ƙasa da ita saye na yi, don dabbobi sun cinye ta kusa. Kowane abu shi kaɗai ƙarami ne, ba wanda za ka nuna ka ce shi ne ya cinye ka. Matata ce ta fara lura, ta ce dawar rumbu tana sauka fiye da ƙima.

Da bango ya kai, na shiga mota zuwa Kano da abin da ya rage. A wani kantin kwano, mai kantin ya tambaye ni tsawon ɗakin da faɗinsa, na gwada masa da taku a ƙofar kantinsa. Kuɗin bandir da ya faɗa ya zarce na direba nesa ba kusa ba, kuma ya ce ɗaya ba zai rufe ba. Sannan ya ce, "Katakon fa, ka saya?"

"Wane katako?"

"Wanda za a ɗora kwanon a kai. Ga ƙusa, ga kafinta. Kuna da kafintan rufi a can, ko daga nan za ka ɗauka? In daga nan ne, kuɗin motarsa da cinsa suna wuyanka."

Na tsaya ina kallonsa kamar da wani yare yake magana. Wallahi har ranar ban taɓa tunanin abin da yake riƙe da kwano a sama ba. Na ce bari in je in dawo. Na zauna a tasha har la'asar, ina juya abin ta kowace fuska bai juyu ba. Don kada in koma hannu banza sai na sayi ƙunshin ƙusa da burodi. Har yau ban san abin da na yi nufin kafawa da ƙusar ba.

Ran kasuwa direban ya zo karɓar rigarsa, na tare shi da maganar. Ya ce shi fa ɗauko kwano yake yi, bai taɓa saye ba, kuɗin da ya faɗa mini ma a bakin wani ya ji. Bai ga abin damuwa a ciki ba.

Sai na juya wajen azara. Ina da kawu a Nariya ta ƙasar Kibiya mai giginyu a gona. Na taka na same shi, na zayyana masa komai. Ya ce, "Don wannan kake ramewa? Je ka sare ɗaya, na ba ka." Na ji kamar an sauke mini dutse. Ina cikin godiya matarsa ta leƙo daga ɗakin girki ta tambayi wacce za a sare. Na ce ta bakin hanya, don ta fi sauƙin ɗauka. Ta ce wannan mace ce, da 'ya'yanta take dasa muruci tana sayarwa, kuma azarar mace ba ta da ƙwari. Namijin yana can gonar ƙetaren rafi.

Kyautar nan ita ma ta zo da nata. Masu sara da faskare sai da aka biya su aka ciyar da su. Masu jakuna suka ce hanyar ƙetare ba ɗaya take da ta gari ba. Da azarar ta iso Rano, magini ya ɗauki mafi tsawo ya gwada a kan bango, ba ta ko yi kusa ba. Bai ce ai na faɗa maka ba, ya dai ajiye ta ya karkaɗe hannu.

Ya ce ko dai a ɗaura baka, wato lanƙwasasshen rufi irin na sorayen attajirai, wanda zai ci azara ninkin wannan, ko a kafa ginshiƙi a tsakiya, ko a rushe bango ɗaya a matso da shi. Babban wana ya ce in yi jinka kawai in huta. Maƙwabcina a kasuwa ya ce jinka a kan bango mai kusurwa abin dariya ne, in ci bashi in sa kwanon. Duk wanda ya yi magana sai in ga shi ne mai gaskiya, har wani ya zo. Da safe in tashi da ginshiƙi, kafin azahar na koma baka. A cikin wannan hali na ɗinka wa wani malami aljihun riga a baya, sai da na saya masa wani yadin.

Gabas ta fara haɗa hadari, bango kuwa yana tsaye baki buɗe. In ruwa ya same shi haka, narkewa zai yi. Wata rana bayan sallar azahar na ce wa matata zan sayar da keken ɗinki in sa kwano, a wuce wurin.

Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Malam, in ka sayar da keken, a ƙarƙashin kwanon me za mu ci?"

Na ce to ita me ta gani.

"Ni ban san gini ba. Amma mu biyu ne, sai wanda ke tafe. Me za mu yi da ɗaki kamar masallaci? A raba shi mana. Inda azara ta kai a rufe, inda ba ta kai ba a bari."

Na kai wa magini maganar ina jin kunya, don ban so ya san daga inda ta fito ba. Ya ce zai yiwu, amma bangon tsakiya ma tubali ne, tubali kuma ruwa ne da ciyawa. Na sayar da tunkiyar da nake kiwo don suna. 'Yan gayya kuwa kowa ya tafi sharar gona, don haka ni da yayyena muka taka ƙasar, matansu suka ɗebo ruwa. Aka rufe ɓangare ɗaya da azara aka yi masa daɓe, ɗaya ɓangaren muka lulluɓe kan bangonsa da tsofaffin zana.

Mun tare ana yayyafin farko, ina ɗauke da kan keken, matata tana biye da tukwane. Ɗakin ya fito siriri, dogo, gado a can ƙurya, sai ka bi ta gefe za ka wuce. A nan ta haihu, 'ya mace, wana ya ba da ragon suna. Buɗaɗɗen ɓangaren kuwa ta kafa murhu a ciki, daga baya ta shuka kabewa ta hau bangon.

Kowace kaka in na sayar da gyaɗa sai in aika a tambayo mini kuɗin kwano, a dawo a ce ya ƙaru. Sai da yarinyar ta fara zuwa ɗiban ruwa sannan na rufe wurin, shi ma da azara, daga wani namijin giginyar kawu. Matata ta yi kwanaki tana mita, wai na raba ta da wurin girkin da hayaƙi ba ya damun ta.