Yabon da Ya Sauke Baba daga Ladanci

Babana masunci ne a Argungu, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun ina goye. Da samarin gari suka tashi shirya fim ɗin tsoro, na wani matsafi mai miƙa wa aljanun gulbi mutane, sai suka zo suka durƙusa masa ya fito a matsafin. Furfurarsa suka gani, da yadda yake hawa gora ya ratsa ruwa hankali kwance. Ya yi dariya ya ce to. Suka shafe shi da gawayi, suka rataya masa layun kwali.

Fim ya fito. Ina cikin keke napep a Birnin Kebbi zan tafi ofis, na ji wani mai sharhin finafinai yana zuba a rediyo. Ya kushe labari, ya kushe sauti, ya ce jinin ma da gani zoɓo ne. Sannan ya ce abu ɗaya ya sa tsigar jikinsa tashi: tsohon nan. Wai wannan ba kwaikwayo yake ba, duk wanda ya kalli idonsa ya san ɗan gado ne a harkar. Wai shi nan yabo ya yi! Allah wadaran wannan baki. Bai san Baba ba, bai san inda ya kwana ba, ya buɗe baki ya kwaɓa.

Kafin Juma'a magana ta zaga gari, waɗanda ko fim ɗin ba su kalla ba sun fi kowa zaƙewa. Na bar aiki na taho raina a ɓace, na tarar da dattawan masallaci a zaurenmu. Babbansu, wanda shekara da shekaru muryar Baba ke tashinsa salla, ya sunkuyar da kai yana cewa, "Malam, mu ba mu ce ka yi ba. Amma tunda anka faɗi a rediyo, ka ɗan huta."

Na ce, "Haba Baba Alhaji! Ku da kunka tashi tare, ku rediyo za ta ba labarinai?"

Baba ya daka mini tsawa, ya ce in shige cikin gida. Wallahi tsawar nan ta fi komai ƙona ni.

Da magariba wata murya daban ta kira salla. Baba na zaune da alwalarsa, leɓunansa na bi a hankali. Na tsaya a bakin ƙofa ina huci, na ce kada ya ƙara taka masallacin nan, ba su cancanta ba. Ya lalubi takalminsa.

"Ɗiyata, matsa in wuce. Ko sahun baya in samu."