Shekarar da Karfasata Suka Taso Sama

A shekarar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur, azumi ya faɗo a tsakiyar zafin da ban taɓa jin irinsa a Lafia ba. A lokacin ina da tafkin kifi guda ɗaya a gonata, ta hanyar Kwandere. Na haƙa shi da hannuna, na zuba karfasa da tarwada, kuma da shi na yi niyyar tallafar gidana zuwa damina. Injin ban-ruwa na jingine shi saboda tsadar mai. Sai na yanko 'yar hanya daga rafin da ke bayan gona, ruwa yana shigowa ta sama, yana fita ta ƙasa.

Kafin rafin ya iso wurina, sai ya ratsa lambun maƙwabcina. Dattijo ne Bativi, wato ɗan ƙabilar Tivi, ya girme ni sosai. Ya yi ƙuruciyarsa a jirgin kamun kifi a Legas, shi ya sa ake ce masa Kyaftin, ko da yake na ji an ce girki yake yi a jirgin. Matarsa bandar kifi take yi, tana kaiwa kasuwa. Mun daɗe muna zaman lafiya. Ranar Sallah nakan aika masa nama, ranar Kirsimeti yakan aiko da doya.

Wata safiya kafin azumi ya tsaya a bakin tafkina, ya tsoma hannu cikin ruwa, ya daɗe bai cire ba.

Ya ce, "Malam, kifi naka ya yi yawa. Rage rabi. Wannan shekara ruwa zai rasa numfashi."

Na ce, "Kyaftin, ruwa ma numfashi yake yi?"

"Kai dai dariya. A teku na gani da ido na. Akwai shekara da saman ruwa zai yi zafi, ba ya gauraya da na ƙasa. Ka jefa koma can ƙasa, ka jawo, babu komai. Kifi duk ya gudu sama. Bayan wasu shekaru ya gyaru, bayan wasu kuma ya dawo. Yana zagaye ne."

Na ce nan ai ba teku ba ne, ramin da na haƙa ne da shebur. Ya yi dariya, ya goge hannu a wando. Har ya juya zai tafi, sai ya ƙara da cewa idan na yarda zan rage, matarsa za ta ɗauka.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai. Kifin bai gama girma ba, kowa ya san ƙaramin kifi ba ya daraja. Mutum ya zo ya tsorata ka, sa'an nan ya nuna maka mai saye a cikin gidansa. Ni ba mai saurin magana ba ne, na fi so in zuba ido.

Na kuwa zuba. Na ga yana feshi a tumatirinsa da yamma. Na ga inda yake wanke bututun feshin, ba nisa da rafi. Ban taɓa kama shi yana zuba wani abu a ruwa ba, amma kuma ba kullum nake gona ba.

A tsakiyar azumi na iso da sassafe na tarar da karfasa sun taso sama, bakunansu a buɗe suna haɗiyar iska. Da rana ta ɗaga sai suka koma ƙasa. Washegari haka, da 'yan matattu a gefe, cikinsu fari. Na shinshina ruwan, ban ji warin magani ba. Na yanka ɗaya na jefa wa kaji, suka cinye, babu abin da ya same su. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba.

Ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma a Lafia. Bayan an tashi na tsayar da malamarmu, na tambaye ta ko gaskiya ne ruwa yana rasa numfashi. Ta ce gaskiya ne. Akwai iska a narke cikin ruwa, oksijin, ita kifi yake shaƙa, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe ta kamar ruwan sanyi. Ta nuna mini babban teku a taswirar bango. Ta ce duk bayan 'yan shekaru ruwansa yana ɗumama, yanayi ya rikice a ƙasashe da yawa, iskar cikin ruwan ta ragu a wani wuri ta ƙaru a wani. Ta faɗi sunan abin, bai zauna mini ba. Na yi godiya. A hanya sai na tuna ita ma Bativiya ce, kuma na taɓa ganinta suna gaisawa da matar Kyaftin a kasuwa. Ban ce sun haɗa baki ba. Tunawa kawai na yi.

Da safe na ɗauki buhunan yashi na toshe hanyar ruwan. Na ce a raina idan daga rafi cutar take shigowa, to na rufe mata ƙofa. Kyaftin ya hango ni daga lambunsa, ya taho yana ɗingishi.

"Malam, me ka ke yi haka? Wannan ruwa ne ya riƙe su. Buɗe."

Na ce, "Baba, bari in gwada tawa dabarar."

Ya dubi buhunan, ya dube ni. "Kana tsammani ni ne."

"Ban faɗa ba."

"Ba sai ka faɗa ba." Ya koma lambunsa.

Aka yi kwanaki ana hadari ba ruwa, iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Ranar da na zo na tarar da saman tafkin ya yi fari fat da matattun kifi, ban yi ihu ba. Na cire riga na shiga da kwando. Karfasa ce zalla. Tarwada suna nan da ransu, suna tasowa su kamo iska su nutse.

Kyaftin ya zo da matarsa, tana ɗauke da babbar roba. Ya ce, "Ka gani? Tarwada yana shan iska a sama, shi ya sa ya tsira. Da guba ne, da duka sun tafi."

Na ce tarwada ai ko a taɓo tana rayuwa, wa ya san abin da take iya jurewa. Sa'an nan na dubi robar. Na tambaye su yaya aka yi suka san su taho da ita.

Matar ta ce, "Malam, wari ya iso har gida. Mu gasa maka waɗanda ba su lalace ba, kafin rana."

Na ce a'a. Na haƙa rami a ƙarshen gona na binne su duka, har da masu kyan. Suka tsaya kaɗan, suka tafi da robarsu wayam.

Masu kiwon kifi da na yi magana da su daga baya sun ce toshewar da na yi ce ta ƙarasa su. Wani a Azuba ya ce shi ma ya yi asara a makon nan, kuma babu lambu kusa da shi. Na ji. Mai yiwuwa haka ne. Amma babu wanda ya bayyana mini yadda mutum zai tsoma hannu a ruwa ya san abin da zai faru bayan wata guda, ko me ya sa gargaɗinsa ya zo tare da mai saye. Har yanzu idan zafi ya tsananta nakan tsoma hannu a tafkin, ban jin komai sai ɗumi.

Karfasa ɗari shida na zuba, ba ko ɗaya da ta kai kasuwa. Tarwada uku kawai na rasa. Ranar Sallah ban aika nama ba, doyar Kirsimeti ma ba ta zo ba.