Fim ɗin Malama da Shanun Kakata

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Muna da wata malama 'yar Takur, mai koya mana kula da tsofaffi. Wata Laraba ta shigo aji da talabijin da kaset ɗin bidiyo, ta sa muka toshe tagogi da zannuwa. Sai da ta sha fama kafin shugaban makaranta ya yarda, don a lokacin kallon fim abin tsegumi ne. Ya ce a yi, amma maza gefe, mata gefe.

Labarin wata tsohuwa ne da gigin tsufa ya kama. Da ta saka takalminta cikin tukunya, muka kwashe da dariya, Malama kuwa ba ta hana mu ba. Can aka nuno 'yarta tana yi mata wanka, tsohuwar ta tambaye ta cikin ladabi ko ita 'yar gidan wa ce. Daga nan ba wanda ya sake dariya.

Da aka kashe janareta, Malama ta ce, "Wa ke da irin wannan a gida?"

Ban ɗaga hannu ba, amma ina da ita. Kakata tana ƙauyenmu kusa da Buji. Hausarta ta zube, ta koma Fillancin ƙuruciyarta, kuma kullum da la'asar sai ta fito ƙofar gida tana jiran shanun da aka sayar tun kafin a haife ni. Ni ne mai ce mata, "Inna, babu shanun nan, ki koma ciki." Sai ta yi ta kuka, ni kuma in ji haushi.

Na tsaya bayan kowa ya fita, na faɗa wa Malama. Ta ce, "Duk ranar da ka faɗa mata, ranar take fara ji. Ka daina gyara mata. Ka tambaye ta sunayensu."

Da hutu na je gida. La'asar na yi ta fito, na shimfiɗa mana tabarma, na tambaye ta sunayen shanun da ɗan Fillancin da na iya. Ta lissafo su ɗaya bayan ɗaya, da launinsu, da wadda ke harbi in ana tatsa. Ba ta san ni ba, ta ɗauka ƙanenta ne, na kuma amsa.

Haka muka yi damina biyu kafin ta rasu. Akwai ranar da ta miƙo mini ƙwarya ta ce in je in tatso. Na zagaya gidan maƙwabta aka zuba mini madara. Ta kurɓa, sannan ta ce ta jar saniyar ce, kuma ban wanke ƙwaryar da kyau ba.