Shingen Gidan Tirela

Labulen na fara gani. Launin ruwan ƙwai ne, da 'yan furanni farare a bakinsa, iska tana kaɗa shi a tagar wani dogon gida na kwano da ke bakin tafki. Muna cikin mota ni da maigidana, mun wuce Pleasant Garden mun yi kudu, yawon ranar Lahadi kawai. Na dafa hannunsa na ce, "Malam, tsaya."

Wajen ƙarshen shekarun 1980 ne, muna Amurka. Shi yana karatu a jami'a, in ya tashi kuma ya tafi ɗaukar kwalaye a wani sito a Wendover. Ni ina ɗakin haya a saman bene, ba tsakar gida, ba inda zan shanya ko zani ɗaya. Abokan hirata su ne 'yan littattafan soyayya da ƙanwata take aiko mini daga Kano in an sami mai zuwa. A cikinsu kullum da lambu, da ruwa, da saurayi mai tsinko fure. Da na ga labulen nan sai na ji kamar ni aka ɗinka wa shi.

Irin gidajen nan ne da ake kira tirela. Mota take jawo su, a ɗora a kan bulo, a cire tayoyin, su zauna nan. Turawa suke saye don hutun lokacin zafi, su zo kamun kifi su koma. Mai wurin wani tsohon Bature ne, rana ta ƙona masa wuya ya yi ja, ba ya rabo da taba. Ya nuna mana murhu, da gado, da banɗaki kamar akwati. Ya ce na sayarwa ne, amma duk shekara akwai abin da za a riƙa ba shi na wurin. Muka ɗauka na ruwa ne da kwashe shara. A garinmu wanda ya sayi gida ya saye shi har ƙasar da yake kai, ba mu taɓa jin an raba su ba. Ba mu tambaya ba, shi ma bai ƙara komai ba.

Akwai wata Hajiya 'yar Damagaram da ta riƙe ni kamar 'ya tun zuwana. Da na kai mata albishir mun sayi gidan ta ajiye ludayi ta kalle ni.

"Ke 'yar nan, gidan da mota ta jawo? In kuna barci aka ja ku fa, ki farka a wata jiha?"

"Haba Hajiya, ai an cire masa ƙafafu."

"Au, gurgu kika saya ke nan. To Allah ya sa albarka."

Na yi dariya. A raina na ce tsofaffi ba su san soyayya ba.

Asabar ɗinmu ta farko na shimfiɗa tabarma a waje, na zame mayafi don rana ta taɓa kaina. Sai ga maƙwabci ba riga, da gwangwani a hannu, yana ɗago mini hannu. Na ruga ciki. Maigidana ya biyo ni ya ce, "Gimbiya, wannan bai zama gida ba tukuna. Bari ki gani."

Duk hutun zafin nan a kan shinge ya ƙare. Ya sayo katako, abokansa ɗalibai suka riƙa zuwa suna taya shi, ina dafa musu shinkafa da wake. Suka ja shi ya fi tsayin mutum, har da 'yar kwana a ƙofa kamar zaure, don mai shigowa kada ya hango ciki. Tsohon ba ya nan, an ce ya tafi jinya wajen 'yarsa. Maƙwabta suna wucewa suna murmushi. Ɗaya har ya ara mana guduma.

Ban taɓa jin daɗin Amurka ba sai a cikin shingen nan. Na shuka kuɓewa da yakuwa. Na tsefe kaina a rana, na yi shanya, na yi ƙunshi na miƙe ƙafafu ba wanda ya gan ni. Wata yamma ya tsinko wani furen daji ya soka mini a kitso, kamar yadda ake yi a littafi, sai dai shi bai iya kalaman ba. Cewa ya yi, "Ga shi nan, kar ki ce ban yi ba."

Da sanyi ya gabato, ganye ya fara ja, tsohon ya dawo. Ya turo ƙofa ya shigo ba sallama, kaina ba ɗankwali. Ashe masu murmushin nan duk sun kai ƙara, wai mun tare musu tafki. Har da mai guduma.

Ya ce, "Akwatin naku ne. Ƙasar tawa ce. Ko ƙusa ba a kafawa a nan sai na ce."

Maigidana ya sha gabana. "Matata ba abar kallo ba ce."

"To ku cire shinge, ko ku ɗauke tirelarku."

"Za mu ɗauke."

Muka kira mai motar ja. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya taso yana karkaɗe wando. Ya ce ƙarfen ya ci tsatsa, in aka ja za ta rabe biyu a hanya, kuma ba filin da zai karɓi tsohuwa irin wannan. Sai a lokacin na tuna gurgun da Hajiya ta faɗa, dariyar ba ta zo ba. Maigidana ya haɗiye fushinsa ya koma wa tsohon, ya ce mun yarda a cire shingen. Tsohon ya ce ai magana ta wuce, ba ya son masu gardama.

Da hannunsa maigidana ya ɓamɓare katakon, ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta suna zaune a kujerunsu suna kallo. Ni na saka mayafi na tsaya a kan yakuwata. Tirelar muka bar wa tsohon, don ba inda za mu kai ta. Da zafi ya zagayo na sa maigidana ya bi da ni ta wurin. Labulen yana nan. Wata ce a bayansa tana wanke kofi.

Daga nan bai sake ce mini Gimbiya ba. Na sha yi masa maganar mu nemi wani wuri, sai ya ce, "A ƙasar wa?" Littattafan na tattara na ba Hajiya, ta shimfiɗa a ƙasan kwabarta.

Bai gama karatun ba. A siton nan ya tsufa, a ɗakin haya ya rasu, 'yan'uwa Musulmi suka haɗu suka sama masa wuri a maƙabarta. Bayan na fita takaba na je. Fili ne fetal, ciyawa an aske ta, motoci suna wucewa. Na sami mai kula da wurin na yi masa tambayar da ba mu yi ba a bakin tafki: ƙasar nan da yake kwance, tasa ce?

Ya ce tasa ce har abada, ba mai tashinsa.

Na ce to ina so in ɗan kewaye masa ita, ko da gajeren katako ne.

Ya ce a'a, injin yankan ciyawa ba zai wuce ba.