Babban Yatsa da Wasan da Aka Goge

Na Allah ne mu, kuma wurinSa dukkanmu muka dosa. Ranar Laraba, tara ga watan Yuni, da hantsi, matarka ta kira ni a waya ta ce rai ya yi halinsa, bayan jinyar da duk muka ɗauka zazzaɓi ne kawai. Ka bar ta da 'ya'ya mata biyu, ka bar mahaifiya, ka kuma bar wani aiki a cikin kwamfutarka da ni kaɗai na san saura ƙiris ya kammala. Allah Ya yafe mini, tun a maƙabarta hankalina yake kan kwamfutar nan.

Ga wanda bai san ka ba, kai mai haɗa wasannin bidiyo ne, irin ƙananan nan da mutum ɗaya ko biyu ke yi a ɗaki, babu kamfani, babu mai tallata su. Ni ne mai haɗa maka sauti. Ofishinmu, in har ya ci sunan ofis, ɗaki ne a saman shagon tela, da teburi ɗaya da fankar da sai an tura ta da biro take tashi. Mun sa maka suna Babban Yatsa saboda yadda kake gwada aikinka. Za ka sauka ka miƙa wa tela waya, ko mai kawo mana ruwa, ko matar da ke jiran ɗinkinta, sannan ka koma gefe. Ba fuskar wayar kake kallo ba, babban yatsansu kake kallo. In na buɗe baki zan yi bayani, sai ka taka mini ƙafa. Ka ce in dai sai an yi wa mutum bayani, to laifinmu ne, mu koma mu gyara.

Wasanka na ƙarshe, Riƙe Hannu, babu bindiga a ciki, babu tsere, babu ko maki. Wani tsoho ne kake rakawa, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bakin titi, har ku tsallaka. Yatsanka a kan wayar shi ne hannunka cikin nasa. Ka ja da sauri, ya fizge hannunsa ya tsaya yana hararar ka. Ka yi sako-sako, ya yi tangal-tangal. Duk takun da ya yi wayar tana ɗan motsi a tafinka, kuma da wannan motsin kake koyon tafiyarsa, har ka daina jan sa ku riƙa tafiya tare. Na ga tela, mutumin da ko 'ya'yansa ba ya jira su gama magana, yana ce wa waya, "Sannu Baba, a hankali."

Ni na san inda ka samo wannan tsohon. Da ɓarin jikin mahaifinku ya shanye, kai ne mai raka shi kullum har Allah Ya karɓi abinsa. Silifas ɗinsa ka kawo ofis ka ce in sa, in riƙa jan ƙafar hagu a kan siminti kana ɗaukar ƙarar. Yini guda kana cewa ban iya tsufa ba. Na yi fushi na ce to ka zo ka ja da kanka. Ka sa su, ka yi taku kaɗan, sai ka zauna ka juya mini baya. Wannan jan ƙafar naka ne muka sa a wasan.

Alherinka ga masu irin sana'armu ba ya ƙirguwa. Duk wasan da babu mai kula shi, kai za ka nemo shi ka buga har ƙarshe, ka nemi mai shi ka gaya masa inda tsallen cikin wasan ya yi nauyi da inda ya burge ka. Da yawa cikinsu kai ne mutum na farko da ya taɓa ce musu sannu da aiki. Amma fa kana da taurin kai, ba zan ɓoye ba don ka mutu. Wani kamfani ya nemi sayen Riƙe Hannu da sharaɗin a sa talla a kuma ƙara maɓallin gudu, ka ce tsohonka ba ya gudu. Ba a jima ba sai ga nasu wasan ya fito, tsoho a keken guragu ana tura shi da gudu yana kwasar tsabar zinariya, duniya kuma ta yi ta saukewa a wayoyi. Tun daga ranar ka rantse ba za ka sake ajiye aikinka a intanet ba, ko ni ka hana ni kwafi. Na yi magana har na gaji.

Sababbin wayoyi da suka fito sun lalata ɗan motsin nan, wasan da ke kasuwa ya daina aiki, aka cire shi. Ka zauna ka sake gina shi tun daga tushe, ka ƙara masa ƙarshen da bai taɓa samu ba. Duk wannan yana cikin kwamfuta ɗaya tak.

Da aka fara watsewa daga zaman makoki na je gidanku. Matarka ta ce yayanka ya ɗauke kwamfutar. Na same shi a ƙofar gida, na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, sannan na tambaya.

"Ai na kai ta wurin mai gyara an wanke ta tas," in ji shi.

Na ce, "Yaya, aikinsa fa na ciki."

"Wane aiki? Wasan yara da kaɗe-kaɗe? So kake a yi ta bugawa ana ɗora masa nauyi yana kwance? Na rufa wa ƙanena asiri ne. Kai ma ka nemi abin yi."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, idonsa jawur da kukanka, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa karɓar wayar ya ga me kake yi ba, mutumin da lokacin jinyar mahaifinku sai dai ya bugo waya ya ce yaya jikin Baba, shi ne ya yanke wa aikin rayuwarka hukunci. Na garzaya wurin mai gyaran. Ya ce an ce masa kada ya bar ko ɗigo, shi kuma ba ya aikin ha'inci, har ya loda sabuwar manhaja a kai. Ya bincika a gabana don in haƙura. Babu komai.

A gidanku kullum tambayar ita ce yaushe za ka sami aiki. A waje an kwaikwaye ka ba a ko ambaci sunanka ba. Yanzu ga shi 'ya'yanka za su girma su ji ana cewa ubansu ya ƙare rayuwarsa a wasa, kuma ba ni da abin da zan ɗora musu a tafin hannu in ce ga shi, ku gwada da kanku. Abin da ya rage shi ne abin da idona ya gani, shi ya sa nake rubuta shi a nan. Sau ɗaya ka bar ni na buga ƙarshen. Bayan kun tsallaka titin ƙarshe, tsohon yana tsayawa ya dube ka, ya zare hannunsa da kansa. Kome ka danna ba ya dawowa. Wayar tana yin shiru a hannunka, shi kuma yana ci gaba da tafiya shi kaɗai.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya saka maka da haƙurin da ka yi da mahaifinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, Allah Ya sanyaya zuciyarta. Ga matarka da 'ya'yanka, Allah Ya zama gatansu, Ya raya yaran cikin albarka. Ga yayanka ma ina yi masa ta'aziyya, domin shi ma ya yi rashi, ya yi rashin ƙane wanda har ya mutu bai san ko wane ne ba. Allah Ya ba shi haƙuri. Ni kuma ku taya ni addu'a Allah Ya ba ni ikon yafe masa, domin har yau ban iya ba.