Faifan da Bakinsa Bai Haɗu Ba

A shekarun da ruwan dam na Goronyo ya fara biyo magudanu zuwa fadamarmu, ina da ƙarfina, idona kuma yana ganin ƙwayar gero cikin rairayi. Wata safiya na kai wa maigida fura, na tsaya bisa tudun magudana na dubi ƙasa. An yanka gonaki fangali-fangali, albasa kore shar, ƙasa ja, ruwa na ratsawa tsakani. Na komo gida na rina kaba, na ɗinka abin da na gani bisa faifai. Daga Wurno har Rabah, in aka ga faifai mai fangalin albasa, an san hannun da ya fito. Taƙamata guda ce: zanen zai zagayo ya iske inda ya faro, ko da ɗan yatsa kika bi ba ki gano mahaɗin.

Sau ɗaya na kasa. Koren kaba ya ƙare ina tsakiyar aiki, na cike da baƙi, ga zazzaɓi a jikina, lissafin zanen ya kuɓuce mini. Layin ya zo ya wuce ɗan'uwansa kamar maƙwabtan da ba su gaisawa. Na tura faifan ƙarƙashin gado. Wata malamar asibiti, Kirista daga kudancin Kaduna, ta zo yi mini allura ta hango shi, ta yi ta roƙo. Na ce ta ɗauka, amma in an tambaye ta, a hanya ta tsinta.

Aka yi shekaru, maigida ya rasu, jikoki suka girma. Ɗaya daga cikinsu tana karatu a Sakkwato, in ta zo gida sai ta zauna kusa da ni da wayarta.

"Kaka, matso ki ga duniya."

"Duniyar da ta shige tafin hannunki, mi ya rage mata?"

Ta ce akwai wani mutum can nesa, ba ya noma ba ya kiwo, aikinsa tsince-tsince. Kowane mako yakan tara abubuwan mamaki da ya gani a intanet ya jera wa mutane. Ta nuna mini kujera mai ƙafa ɗaya, wai an ba wanda ya ƙera ta lambar yabo. Ta nuna mini jaridar da ba ta da takarda, na ce to da mi ake ƙunshe ƙosai a garin. Ta nuna mini filin ƙwallo da ake ba ciyawarsa ruwa kullum fiye da albasarmu, kuma ko akuya ba a bari ta kai baki.

Tana cikin turawa da yatsa na ce ta tsaya. Tsakanin kujerar nan da takalmin wani ɗan ƙwallo, ga faifaina rataye a farin bango, an kunna masa fitila shi kaɗai. Baƙin kabar yana nan, layin yana nan a karkace. Yadda ya bar hannun malamar asibiti ya kai can, Allah masani.

Jikata ta karanta mini abin da aka rubuta ƙarƙashinsa. Wai mai ɗinkin, don zurfin hikimarta, da gangan ta bar layin bai haɗu ba, saboda aikin Allah kaɗai ke cika.

Na ce, "Wagga magana gaskiya ce, amma ni zazzaɓi nika yi."

Na hana ta faɗa wa kowa. Kafin ta koma makaranta, har masu babur a Achida sun ji.

Ba a yi wata guda ba wata 'yar kasuwa ta zo daga Sakkwato da hoton a wayarta, tana son irinsa da yawa. Na fito mata da faya-fayaina masu kyau. Ta jujjuya su ta aje.

"Inna, waɗannan ai kamar inji ya yi su. Karkataccen nika so."

Shekara arba'in ina gyara hannuna, ga abin da aka ce. Duk da haka na zauna na gwada. Sau uku ina ɗaura faifai da niyyar ɓatawa, sau uku hannun na zagayowa ya rufe layin ina kallo.

Ran da matar ta dawo, ta nemi ruwa. Matar ɗana ta ɗage faifan da ke bakin randa. Wannan yarinya kuwa, shekara goma ina koya mata ɗinki, ba ta taɓa haɗa bakin zanen ba, nata faya-fayan, randa da akurki suke rufewa. 'Yar kasuwar ta manta da ruwan ta riƙe faifan.

"Ga shi nan, Inna, kina ɓoye mini. Zan ce daga hannunki ya fito."

Na ce a'a. Kowa ya ɗauki karkataccensa, a ce na matar ɗana ne. Matar ɗana ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ni ban iya ba." Na ce shi ake nema.

Tun daga nan ita ke ɗinki ana kwasa, ni kuwa nawa tuwon gida suke rufewa. Kwanan baya ina zaune gefenta na ga hannunta ya fara faɗawa, layin ya miƙe sak zai iske ɗan'uwansa, abin da na daɗe ina roƙon Allah in gani. Na buɗe baki zan sa mata albarka, sai na tuna matar Sakkwato na tafe ranar Laraba.

Na ce, "Ke, aje ki je ki duba tukunya, ina jin ƙauri."

Ta je ta dawo ta ce ba komai. Ta ɗauki faifan, ta rasa inda ta tsaya.